Ranar da Shinkafa ta Fito Ciyayya

A layinmu na Hausari, tun ina sabon magidanci, babu namijin da ke cin tuwon dare a cikin gida. Ana idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, kowa ya fito da kwanonsa, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ciyayya ke nan. Ni hatsi nake saye ina sayarwa. Da jaki na fara bin kasuwannin ƙauye har na yi rumfa da sito a Potiskum, saboda haka ban taɓa jin kunyar buɗe kwanona ba.

Cikin masu zama tabarmar akwai wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa, wanda ya zauna gari ya bar garkensa a hannun 'ya'yan ƙannensa. Da yake mu asalinmu Barno ne, kullum muna cikin tsokanar juna. Yana zama zai ce, "Kai bawana, yau me ka kawo wa ubangidanka?" Ni kuma in ce, "Ci a hankali, Baffa, cikin da ya saba da nono bai san tuwo ba."

Sai aka shiga shekarun farin nan, bayan yaƙin basasa. Gero ya bushe a tsaye, shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar kasuwa. Garken Baffa ya ƙare ƙaf. Kwanonsa da a da man shanu ke malala a kai ya koma tuwon dusa, daga baya ya koma kwaɗon tafasa.

Babu wanda ya kira taro, babu wanda ya ce a yi. Amma ba a daɗe ba duk kwanonin tabarmar suka koma kama da na Baffa. Na ce wa maiɗakina abin da ya yi kyau a tukunya a bar wa yara a ciki, nawa na waje a yi shi da dusa. Hatsi kuwa ita take kai wa matar Baffa a ƙarƙashin mayafi, kamar ta shiga gaisuwa. Baffa ya sani, na san ya sani, ba mu taɓa ɗaga maganar ba. Abin da muke tsarewa ɗaya ne: ya ci gaba da zama cikinmu kansa a ɗage.

Ana cikin haka ƙanena, wanda ke koyarwa a firamare a Gadaka, ya zo hutu. Ya ci dusa tare da mu. Da safe ya same ni a rumfa ina awo.

"Yaya, sitonka cike yake, kana cin abincin awaki a bainar jama'a. Wa kake ruɗa?"

Na ce haka layi yake yi.

Ya ce Turawa suna da kalma a kan wannan. Yadda kunnena ya ɗauke ta, kwanfom. Ya ce ma'anarta mutum ya lanƙwasa kansa ya bi abin da jama'a ke yi don kada ya fita daban. Ana faɗarta ga soja, ana faɗarta ga ɗan makaranta da ya sa kayan da kowa ya sa. Ba zagi ba ce, ba yabo ba ce, ya danganta da bakin da ta fito. Daga nasa bakin dai na ji ta kamar tsaki. Ya karɓi mudun hannuna, ya shafe bakin mudun da tafin hannu, ya ce, "Ga ta nan. Duk ƙwayar da ta ɗago a kaɗe ta."

Na ce, "Malam, ba mu kaɗe kowa ba. Mu ne muka sauko."

"Kun sauko, shi ya ƙoshi? Ka dubi wuyan tsohon nan kuwa? Hatsin da kuke kaiwa jikokinsa yake bar wa. Abincin da zai ci da bakinsa shi ne na tabarmar nan, kun mayar da shi dusa don ku kare masa fuska."

Wuyan kuwa na riga na dube shi. Na dai ce ya bar mu yadda ya same mu.

Bai bari ba. Ya sayo shinkafa da kaji, matarsa ta dafa, da magariba ya fito da babban kwano ya ajiye gaban Baffa ya buɗe. Ƙamshi ya cika layi. Ya ce, "Baffa, bismilla, yau da kai za a fara."

Kwanon Baffa yana gefen ƙafarsa, ba a kai ga buɗe shi ba. Na ga ya ja shi a hankali ya rufe da bakin rigarsa. Ya ɗauki loma ɗaya, ya sa albarka. Sannan ya dube ni, ba ƙanena ba, ya ce, "Ashe akwai." Bai kira ni bawansa ba. Ya miƙe ya ce cikinsa ne ke murɗa masa.

Washegari bai fito ba. Na bi shi gida, ya karɓe ni a zaure da gaisuwa irin ta baƙo. Da maiɗakina ta kai hatsi, matar Baffa ta rako ta har ƙofa ta mayar mata da ƙwaryar hatsin a rufe. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Masu zuwa kasuwar shanu sun ce sun gan shi yana kiwon dabbobin wani, da tsufansa.

Ƙanena ya yi kuka da ya ji, amma bai janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba. Shi yana cewa da tun farko mun ci gaskiya a tabarmar, da babu ranar da za ta zo wa Baffa da mamaki. Ni ina cewa da ya bar kwanon nan a cikin gida, da tsohon ya tsufa a cikinmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan tafiyar Baffa. Babu sauran wanda ake rufa wa asiri a tabarmar, amma muka ci gaba da fito da tuwon dusa har aka yi girbi, har gero ya dawo kasuwa. Kowa yana jiran wani ya fara, ni ma ina jira, ga makullin sito a aljihuna.