Feshin Gidan Haya a Kwamba

Shekarar da nake shirin jarrabawar gama sakandare, kuɗin cizo suka shiga ɗakinmu a gidan hayar da muke zaune a Kwamba. Mama ta shanya katifu, ta kwarara wa gado ruwan zafi, duk a banza. Ranar da ta buɗe kwalin littattafaina ta gan su jere a ɗinkin bango, ta ce in feshi bai raba mu da su ba, ƙona littattafan za ta yi.

Ni na nemo mai feshi. Ya zo da tankinsa a keke, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya gaya wa Mama cewa in ɗakinmu kaɗai ya fesa, ƙwarin za su gudu maƙwabta, su dawo da zarar warin ya tafi. Sai dai duk ɗakunan su buɗe rana guda.

A gidan nan ba mai amsa cewa yana da kuɗin cizo. Kowa susa yake a ɓoye. Mama ta ce ƙafarta ba za ta taka ƙofar kowa da wannan magana ba.

Ni kuwa gaisuwa ma nauyi take yi mini. Amma na daɗe da lura cewa kyankyaso ba abin kunya ba ne, a fili ake tsine masa a bakin famfo. Sai na bi ɗaki ɗaki ina cewa feshin kyankyaso za a yi ranar Asabar, tunda Juma'a da Lahadi kowa da wurin ibadarsa.

Wadda na fi tsoro ita ce telar da ke ɗakin ƙarshe, 'yar Kudu mai kaifin baki. Ta tsayar da keken ɗinki ta dube ni, tana sosa damtse.

"Kyankyaso ko, 'yata?"

"Shi ne, Madam."

"To, ki ce masa ya fesa har cikin katifa. Kyankyason ɗakina can yake kwana."

Ranar Asabar tsakar gida ta cika da tukwane da katifu, ba wanda ya kalli katifar wani. Littattafaina na ɗaure su a baƙar leda, suka yini a rana bisa kwanon rufi, kamar yadda mai feshin ya ce. Bayan mai feshin ya dawo ya yi zagaye na biyu, Mama ta zauna ta buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe, ta ce in kwashe kayana in ba ta wuri.