Ƙwayar da Nuriyya Take Nema

A unguwar Adjamé aka haifi Nuriyya, bayan kasuwar Roxy. Ƙanwar uwarta, Inna Tabawa, ita ta riƙe ta tun da ciwon daji ya ɗauke uwar. Tabawa magani take kasawa a faranti, irin wanda ba a tambayar ta ina ya shigo, kuma da shi ta kai yarinyar har jami'a. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya, don haka ba labari aka ba ni ba.

Yarinyar nan kai ne da ita. Ta yi shekaru a ɗakin bincike, har ita da malaminta suka samo hanyar gano ƙwayar halittar ciwon daji ko da guda ɗaya ce ta ɓuya cikin jini, tun mutum bai fara jin ciwo ba. Malamin ya ce a rubuta a ajiye. Ita ta ƙi, ta kama ɗaki a unguwar Treichville ta buɗe ɗan kamfani, ta ƙera na'urar gwajin. Saura a gwada na'urar da jinin mata masu yawa. Ta ce da matan unguwa za ta fara, Inna kan gaba, tunda ciwon yana bin danginsu kuma tsoronta ke nan.

Sai dai Faransanci ya cinye mata Hausa. Ranar da ta tara mu a tsakar gida, ta tsaya da farar rigarta ta ce, "Iyayena, ku ba ni jini kaɗan. Ƙwaya nake nema. Ko ɗaya ce a ɓoye, mashin ɗina zai kama ta."

Ƙwaya! A gaban matan Roxy, waɗanda kullum jami'ai ke birkice musu farantai suna neman ƙwaya! Kowacce ta jawo jakarta jikinta. Na yi bayani har bakina ya bushe, babu mai ji.

Ana wata ga wata, sai aka kai samame Roxy, aka kwashe kaya har da na Tabawa. Shi ke nan, aka ce ga shaida, Nuriyya ce ta kai tsegumi.

"Inna, c'est pas ça, ba haka ba ne! Cellule nake nufi, wallahi!" in ji Nuriyya, tana kuka. Da Faransanci haka ake kiran ƙwayar halitta, haka kuma ake kiran ɗakin kurkuku.

"Na sani," Tabawa ta ce. "Cellule ɗin da ake kulle mutane. Da farantin nan na raine ki. Tashi ki ba ni wuri."

Kamfanin bai mutu ba. Matan wasu unguwanni suka ba da jini, aka gano wa wasu ciwo da wuri, suna nan da ransu. Nuriyya kan hau gbaka, motar haya, ta zo har ƙofa, Inna ta aiko a ce ba ta nan. Abin yana ci mini rai har yau, mutanenmu sun fi yarda da jita-jita a kan 'yar da suka goya.

Sai da Tabawa ta rame, ta kasa ɗaga faranti, sannan ta ce a kira Nuriyya. Ta miƙa hannu ba ta ko dube ta ba.

"Ɗebi. Nemi ƙwayar taki."

Na raka Nuriyya Treichville da jinin. Ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta kashe ta.

Na ce, "Kin samu?"

Ta ce, "Don neman guda ɗaya na yi mashin ɗin nan, Tanti. Wannan ba sai an nema ba."