Faifan da Bai Kai Kan Sunan Baffa Ba

Yayana makaɗin gangar noma ne, irin wanda ake kira gona ranar gayya. Murya kam Allah ya ba shi, sai dai bai iya taƙaita magana ba, ko gaisuwa ce sai ka ƙosa. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, shi ya riƙe mu a Dangora bayan rasuwar iyayenmu. Shi kuma ya saya wa Yaya gangarsa ta farko, duk da surutun dangi cewa gidanmu ba a gaji kiɗa ba.

Waƙar gayya tana da tsarinta. Da mai gona ake farawa, sai manyan gari, sai samari ɗaya bayan ɗaya. Gwarzon da ya fi kowa ba a taɓa shi sai rana ta take, garma ta yi nauyi, sannan a kira sunansa ya tashi kowa. Wannan gurbin na Baffa ne, kuma Yaya bai ba wani ba, har bayan ciwon ƙugu ya hana tsohon sunkuyawa.

'Yan shekaru kafin samun 'yancin kai, masu yin faifan garmaho suka sauka a Kano suna neman mawaƙan ƙauye. Yaya ya hau babbar mota da 'yan amshinsa. Ya dawo jiki a sanyaye, na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Baffa kuwa ya ɗauki zancen ya yi ta yawo da shi a kan jaki, daga Yako har Tudun Wada. Duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya ji cewa an sa sunansa a faifai, za a ji shi har Ikko. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba.

Bayan kaka faifan ya fito. Wani tela daga Tudun Wada ya ɗauro garmahonsa a keke, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar. Baffa ya sa rigarsa ta salla, ya zauna a gaba. Mu mata muna bayan zana, ni da goyo ina leƙe.

Tela ya ɗora allura, sai ga muryar Yaya, siririya kamar daga cikin tulu. Aka kira mai gona, aka kira manya, aka shiga samari. Har mijina ya samu shiga, mutumin da bai taɓa kai kunyar noma ƙarshe ba sai ya nemi inuwa. Ganga ta fara zafi, kowa ya san wanda ke tafe. Baffa ya gyara zama. Sai waƙar ta yanke, ba abin da ya rage sai shuuu ɗin allura.

"A juya bayan," in ji Baffa.

Aka juya. Wani mai kukuma ne daga wata ƙasa. Mutane suka riƙa sulalewa, ba mai kallon wani.

Daga baya Yaya ya gaya mini tun farko an faɗa masa faifai ba ya ɗaukar doguwar waƙa, an ce ya fara da abin da ya fi so. Shi kuwa ya ga in ya sa Baffa cikin yara raini ne, gara ya yi sauri ya cim masa a gurbinsa. Yana buɗe baki zai kira shi aka ɗaga masa hannu, wai faifai ya cika. Na zage shi tas, ina kuka. Har yau abin yana ci mini rai, don ladabi ne ya ja mana, ba rashinsa ba.

Washegarin jin faifan, da hantsi Yaya ya rataya ganga ya tsaya a bakin ɗakin Baffa, ya yi masa waƙarsa tun daga kakanni, har muryarsa ta dushe. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Wannan ai na sani. Waccan ce mutanen nesa za su ji."

Yaya ya yi alkawarin faifai na biyu da sunan Baffa zai buɗe. Masu faifan ba su sake nemansa ba, Baffa kuma bai ga damina ta gaba ba.