Anti Rariya, Wadda Ta Koya Wa Na'ura Gaisuwa

Kullum da safe Anti Rariya za ta goge gilashinta da bakin mayafi, ta zauna gaban kwamfuta a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya, ta hau karanta saƙonnin waya da mutane suka turo suna ƙorafi. Wannan na gaskiya ne, wancan na 'yan damfara ne. Haka take tankaɗe su, na'urar gano saƙon damfara tana koyo a hannunta. Mu maƙwabta har tsokanarta muke yi: "Anti, ke dai gulma ake biyanki ki karanta!" Sai ta yi dariya ta ce, "Ku dai ku bar ni."

Abokan aikinta sun ce ita ta nace sai an koya wa na'urar lura da gaisuwa. Ɗan'uwa na gaske, in ji ta, ba ya faɗo maka da buƙata. Sai ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi mai jiki. Macuci kuwa sauri yake yi, gaisuwarsa guntuwa, daga nan sai "maza-maza" da "kada ki gaya wa kowa".

Ni shaida ce. Ƙanwata Auta ta gama karatu tana zaman jiran aiki, sai ga saƙo daga lambar gwaggonmu: an samo mata aiki, ta ɗauko takardunta ta zo tasha ita kaɗai, mota na jira, kada ta faɗa a gida sai abu ya tabbata. Yarinya har ta saka takalmi. Sai na'urar nan ta nuna jan gargaɗi a wayar, wai salon saƙon irin na mayaudara ne. Auta ta yi tsaki, amma ta miƙo min. Ina karantawa na ga babu gaisuwa ko ɗaya. Gwaggo da ba ta buɗe baki sai ta tambayi ƙafar Inna mai ciwo? Muka kira mijin Gwaggo. Ashe tun jiya aka sace wayarta a kasuwa! Wallahi a ƙasa na zauna, ina ta hamdala, hannuna riƙe da zanen Auta.

Anti, ke ce kika tare mana ƙofar nan ba ki ma sani ba. Yanzu ido ya gaji, kin ajiye aiki, ba wanda ya buga hotonki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tasowa a aikin nan, ku koyi haƙurin karatu irin nata.

Da na je ba ta labari, ba ta bari na yi nisa ba.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Ya ƙafar Inna?"