Sanda a Wuyan Yaran Ailan

Wani alhaji ne ya manta littafin a rumfar da nake sayar da dabino a Uhudu. Na ajiye masa wata biyu bai dawo ba, na tafi da shi gida, unguwar Harra ta Gabas. Da Larabci yake. Ni kuwa a aji huɗu na tsaya, Larabcina na ciniki ne. Sai 'yata ta riƙa karanta min tana sauƙaƙa min Larabcin, bayan la'asar in ta taso daga shagon ɗinki.

Ƙagaggen labari ne na wani gida a ƙasar Ailan, amma ta ce yawancinsa ya faru. Dankali ya ruɓe a gona, yunwa ta kashe na kashewa, saura suka hau jirgin ruwa. Ban ji komai a raina ba. Kowa da yunwar garinsu. Har da tatsuniyarsu a ciki, wai an mayar da wasu yara tsuntsaye shekaru aru-aru, amma yarensu bai bar bakinsu ba. Na ce, "To ai tsuntsu ba ya neman takardar iƙama."

Sai muka zo kan makaranta. Ana rataya wa yaro guntun sanda a wuya, duk lokacin da ya yi yarensu a gida uban da kansa ya yi mata tsaga, da safe malami ya duba ya zane shi. Wai don ya iya Turanci ya samu abinci.

Ta rufe littafin. Da Larabci ta ce, "Baba, kai kunne kake murɗawa."

Gaskiya ne. Tana ƙarama, in ta yi Hausa a titi ko wurin mai burodi, kunne nake murɗe mata, don kada a ce mata Takruniya a makaranta, sunan rainin da Larabawa ke kiran irinmu da shi. An kuma ce mata ɗin.

Ran Juma'a tsohuwata ta kira daga can ƙasarmu. Jiki ya ƙi, so take ta ji muryar takwararta. Na miƙa wa 'yata wayar na ce, "Mamana, ko sannu ce ki yi mata."

Ina jiyo tsohuwa tana ta zuba: "Takwara, kin ƙi ni ko? Yaushe za ki zo in gan ki?"

Yarinya na ganewa sarai. Bakinta ya motsa, hannunta ya tafi ɗaya kunnen. Sai ta ce da Larabci, "Alhamdu lillah, ya jadda," wato kaka, ta miƙo min.

Tsohuwa ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Gaishe ki take, Inna."

Littafin na nan kan firij, saura kusan rabi. Ba ta sake ɗauka ba, ni ma ban ce ta ɗauka ba.