Jaririyar da Ta Zo Duniya da Ƙishirwar Hoda

Ƙanwata tela ce. A sabon Zongo, inda aka kwaso mu aka zube bayan an rushe tsohuwar unguwarmu ta cikin gari, babu macen da ta kai ta iya yanka riga. Ni atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa, sai in miƙa wa mace turmi in ce mata, "Je ki wurin ƙanwata, ita ce za ta fitar miki da kyansa." Mijinta direban babbar mota ne mai bin hanyar Wagadugu, ya fi kwana a hanya a kan gida.

Wata rana taksi ta kife da ita a hanyar Aflao, ƙugunta ya tsage. Ƙashi ya haɗe, amma ciwon bai tafi ba. In ta zauna kan keken ɗinki sai ka ga hawaye na zuba a kan yadin mutane. Ta nan wani mutum ya shigo mana. Ɗan unguwarmu ne, uwarsa da Innarmu tare suke zuwa biki da ta'aziyya. Yana da kantin magani a unguwar Hanoukopé, ana ce masa Dokta ko da yake ko allura bai taɓa koyo ba. Kullum da bajon jam'iyya mai hoton shugaba a ƙirjinsa, kuma kowa ya san da su wa yake shan shayi. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, mutum yakan duba bayansa kafin ya ce gishiri ya yi tsada.

Ya fara mata da siro, wato maganin ruwa na kwalba, ya koma ƙwaya, daga baya ya koya mata wata hoda mai ruwan ƙasa da ake shigowa da ita ta Legas, a zuba a kan takardar kwalin sigari mai ƙyalli, a kunna wuta a ƙasa, a shaƙi hayaƙin. Mu duk ba mu sani ba. Mun ga ta rame, mun ga tana gyangyaɗi da rana tsaka, muka ce laulayin ciki ne. Keken ɗinkin ya ɓace daga ɗakinta, ta ce yana wurin gyara.

A gida ta haihu, a hannun Inna. Mace ce, 'yar mitsitsiya. Ranar farko ta yi barcinta. Kashegari ta fara kuka, irin wanda ban taɓa ji ba, ni da na haifi uku. Kuka ne mai tsini, kamar ana goga ƙarfe a kan ƙarfe, ba ya tsayawa. Hannuwanta na rawa, haɓarta na rawa. Ta yi atishawa, ta yi hamma, ta yi gumi kamar babban mutum. Ta cafki nono kamar za ta cinye shi, ta kasa tsotsa, ɗan abin da ya shiga kuma ya dawo. Zawo ya sale mata ɗuwawu. Inna ta yi turare, malam ya aiko da rubutu, wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ewe ta ja ni gefe ta ce in ba mu ji kunya ba mu je Akodésséwa, kasuwar bokaye, a duba mana. Da na ga jaririyar ta sandare a hannuna, idonta ya juye, sai na goya ɗana, na rungume ta, na ce wa ƙanwata ta tashi, asibiti za mu.

Saj-fam ɗin da ta karɓe mu, wato ungozomar asibiti, doguwar mace ce 'yar ƙabilar Mina, ta ji Hausa tun tana yarinya a gefen tsohon Zongo. Ta kwance jaririyar ta dube ta, sannan ta ɗago ta daɗe tana kallon uwar. Ƙanwata na zaune tana hamma, hancinta na zuba, jikinta na kyarma, daidai irin na 'yarta. Matar ta rufe ƙofa.

"Ƙanwata, ni ba jandarma ba ce," ta ce. "Me kike sha? In kin ɓoye mini, ita ce za ta biya."

Ƙanwata ta zame daga kan benci ta kama ƙafata. "Yaya, ki yafe mini," ta ce. Ta faɗi komai, har sunan mutumin. Ta ce da ta ga tana da ciki ta je ta roƙe shi ya taimaka mata ta daina, ya ce mata ai abin ba ya kaiwa ga ɗa, ya ƙara mata ƙulli ɗaya kyauta.

Likita ya zo, ya yi mana bayani da Faransanci, saj-fam tana mayar mini. Duk abin da uwa ta shaƙa, 'yar ta sha a ciki. Da aka yanke cibiya aka yanke mata shi gaba ɗaya, shi ne jikinta yake nema. Za su riƙa ɗiga mata wani magani a baki, dangin hodar ne, kaɗan-kaɗan a kan lokaci, da wani na hana jijjiga, sannan a dinga ragewa har jikin ya manta.

Na miƙe tsaye. "Gubar da ta kawo mu nan za ku ƙara mata?"

Saj-fam ta dafa ni na zauna. "Wanda aka ɗora a kan bishiya bai sani ba, ba a tunkuɗo shi," ta ce. "Reshe-reshe ake sauko da shi."

Aka ba mu lungu a ƙarshen ɗakin jarirai. Na rataye zanina a taga don haske yana firgita ta. Aka koya mini yadda zan naɗe ta tam, hannuwa a ƙirji, in manna ta a jikina in riƙa jijjigawa a hankali. Ba a barin 'yan barka, ko tari mai ƙarfi sai ya tayar da ita. Uwarta ba ta da halin ba ta nono a lokacin, ni kuwa ina shayar da ɗana, sai na ɗauke ta. Tsotsa kaɗan, a huta, a sake, haka yini yake ƙarewa. Ina shafa mata man kaɗe a ɗuwawu da gwiwoyi da kan hanci, inda ta goge fatar da murje-murje. Ranar da aka fara ɗigon, ta yi barci a ƙirjina na tsawon abin da za a dafa shinkafa. Na yi kuka, don na ga da idona irin abin da take ƙishirwa.

Akwai lokacin da aka rage maganin ta kasa ɗauka, rawar jiki da kukan suka dawo sabo, aka mayar da ita baya aka sake sauka a hankali. Ƙanwata kuma tana gida a ɗakin Inna tana nata yaƙin, tana amai, tana birgima, tana cewa ƙasusuwanta ake fasawa. Saj-fam ta ce ko da rarrafe ne a kawo ta kullum ta riƙe 'yarta. Nakan miƙa mata jaririyar ba tare da na dubi fuskarta ba. Amma duk lokacin da kukan ya tashi, ba fuskar ƙanwata nake gani ba. Fuskar mai kantin nake gani, da bajonsa.

Ranar suna babu taro, liman ya raɗa suna a masallaci kawai. Na dawo gida in yi wanka sai na tarar da rago a ɗaure a tsakar gida, fari, mai ƙaho. Inna ta ce Dokta ne ya aiko, yana yi mana barka. Ban ajiye jakata ba. Na kwance ragon na ja shi ta cikin unguwa, yana turjewa ina fizga, har ƙofar masallaci. An idar da azahar, maza suna neman takalma. Yana cikinsu. Na jefa masa igiyar a ƙafa.

"Ga ragonka," na ce. "Jaririyar da ka shayar da hoda tun tana ciki tana asibiti. Nama ba ya toshe mata baki, ni ma ba zai toshe nawa ba."

Murmushi ya yi, ya ce wa dattawa, "Ku yi mata uzuri, gajiya ce." Kashegari aka kira ni wurin shugaban jam'iyya na unguwa, aka ce ina ta da hankalin jama'a a ƙasar zaman lafiya, in na sake sai dai in yi bayani a wani wuri. Mijina ya ce, "Ki bar wa Allah." Na ce na bar masa, amma shi ya ba ni ƙafa da baki.

Bayan makonni aka daina ɗigon, muka dawo gida da yarinyar, tana tsotso, tana barci, har ta fara kumatu. Na koma kasuwa, na yi shiru, ina jira.

Akwai wata matar hafsan soja daga unguwar Djidjolé da ke sayen atamfa a wurina. Wata rana ta zo ba fara'a, ta zauna a rumfata ta ƙi taɓa kaya. A hankali ta faɗa mini ɗanta na fari, ɗan sakandare, ya kwashe mata sarƙoƙin zinariya, ya rame, ya daina zuwa makaranta, kuma ta tsinci ƙonanniyar takarda mai ƙyalli a aljihunsa. Na bari ta gama. Sannan na kwatanta mata kantin, da layin, da ƙofar baya da ake bi.

"Kin tabbata?" ta tambaye ni.

"Madam, ni na shayar da wadda ya fara kamawa tun kafin a haife ta."

Na san abin da ake yi wa wanda sojoji suka ɗauka zuwa bariki a wancan zamani. Kowa ya sani. Da sanina na faɗa. Ranar da labari ya zo kasuwa cewa motar soja ta tsaya a Hanoukopé, na rufe rumfa na hau taksi. Na same su suna fito da mai kantin, riga a yage, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana kiran sunayen manyan da ya sani. Babu wanda ya zo. Na matsa gaba inda zai gan ni, na tsaya har ya gan ni.

Ɗauke shi bai kawar da hodar daga gari ba. Ƙanwata ta yi shekaru ba ta taɓa ta ba, mijinta ya tsaya mata, ta sake haihuwar namiji lafiyayye. Daga baya ta koma, ta wani hannun dabam, kuma a wannan karon ba mu iya fizgo ta ba. Ta rasu yarinyar tana firamare. Ni na ƙarasa renon su biyun. Yarinyar yau uwa ce, tana da shagonta a Kwatano, lafiyarta ƙalau.

A zaman makokin ƙanwata ne mai kantin ya zo. An sako shi ba da daɗewa ba, ya tsufa, haƙoran gaba babu, yana dogara sanda. Ya aiko a ce mini yana neman magana. Na fita soro na same shi durƙushe a gaban dattawa.

"Hajiya, ki dubi Allah ki yafe mini," ya ce.

Liman ya ce, "Ki yafe, 'yata. Ya ga abin da ya gani."

Na ce, "Malam, wadda za ta yafe masa mun kai ta jiya. Ni nawa ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Mu haɗu a can."

Na sa aka naɗe tabarmar da ya zauna a kai aka fitar da ita waje. Na koma ciki, akwai mata da yawa da ba a ba abinci ba tukuna.