Akwatin Gilas na Kififiyar Matata

A shekarar da ciwon ƙoda ya zaunar da matata, yayanta ya kawo mata kififiya daga Kirikasamma. Masunci ne, kamar mahaifinsu. Ya ce a tarunsa ta faɗa, ba ta fi tafin hannu ba, har ya ɗaga zai mayar da ita ruwa sai ya tuna da ƙanwarsa. Cikin bokitin fenti ya zo da ita, ɗaure a bayan babur.

Lokacin shekararmu goma sha tara da aure. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Haɗeja, ita kuma ɗinki take yi kafin ƙafafunta su fara kumbura. Sau biyu a mako nake kai ta wankin ƙoda. Sauran kwanakin tana kan katifa a falo, abinci ba gishiri, ruwan sha ma sai an auna mata a kofi. Macen da ta koyi iyo kafin ta shiga makaranta.

Muka saka kififiyar a baho kusa da katifarta. Ranar na ji dariyarta, wadda na yi watanni ban ji ba. Takan yayyanka ƙananan kifi ta miƙa mata da tsinke, tana yi mata faɗa in ta kai cizo. Bayan wata shida dabbar ta kai faɗin faranti, bahon ya yi mata kaɗan, ruwan kuma kwana ɗaya yake yi ya fara ƙarni.

"Malam, wannan baiwar Allah ta takura," in ji matata. "Dubi yadda take karo da gefe."

Na ce zan yi mata akwatin gilas babba, wanda za ta riƙa kallo daga kwance. Yanzu na san abin da ya sa na ɗauki aikin da zafi haka. Ciwonta ya fi ƙarfina, wannan kuwa abu ne da zan iya.

Na fara da mai yankan gilas, wani dattijo da ke haɗa wa masu sayar da waya kantoci. Da na faɗa masa tsawon da nake so, taku biyar, sai ya ajiye abin awonsa ya ce, "Malam, ruwa nauyi gare shi. Gilas ɗin taga ba zai ɗauka ba, rana ɗaya zai fashe muku a ɗaki." Ya nuna mini mai kauri, ya ce zai haɗa shi da gam mai kyau, a bar shi mako guda ya bushe. Mai walda ya yi mini teburin ƙarfe. Matata ce ta ce a gajarta ƙafafunsa, don daga katifa ba za ta ga komai ba in ya yi tsawo.

Duk abin da na sayo sai na shimfiɗa a gabanta ta duba. Na kawo tsakuwa mai launi-launi, ta juya ta a hannu ta girgiza kai.

"Bayanta taushi gare shi, ba kunkuru ba ce. Wannan zai kurje ta. Yashi take so, mai laushi, ta shige ciki ta bar hanci a waje."

Na hau babur na je bakin kogi ta wajen Auyo, na ciko buhu biyu. Kafin in wanke, ta ce in ɗibar mata kaɗan. Ta daɗe tana shinshina shi.

Wajen masu kiwon kaji na samo fitilar da ake ɗumama 'yan tsaki da ita, saboda lokacin sanyi. Na sa faffaɗan itace inda za ta hau ta sha ɗumi. Matatar ruwa kuwa da kaina na haɗa, bokiti da soso da gawayi, kamar yadda wani mai kiwon tarwaɗa ya koya mini. Saura abu ɗaya, ɗan injin da zai ja ruwan ya bi ta matatar ya dawo. Mai tarwaɗan yana da ƙarami mai aiki da batirin sola, amma na raina shi. An ce mini a Kano akwai manya.

Ranar wata Asabar na shirya tafiya Kano da sassafe. Matata ta tashi da sauƙi ranar, har ta ɗaura ɗankwali da kanta.

"Malam, da ka zauna yau. Ka karɓo ƙaramin mana."

"Ke dai bari, kafin la'asar na dawo. Gobe war haka kififiyar tana cikin akwatinta."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Na yini ina zaga shaguna, ina sa ana kunna mini wannan a kashe wancan, ina sauraron wanda ƙararsa ba za ta dame ta ba. Na sami wanda ya yi mini. Ina hanyar dawowa maƙwabciyarmu ta kira ni, ta ce numfashin matata ya sarƙe, sun kai ta asibiti a keke mai ƙafa uku. Da na isa, da kwalin injin a hammata, ba ta gane kowa. Kwana uku ta yi a haka. Ranar Talata bayan azahar Allah ya karɓi abarsa.

Kusan wata biyu akwatin yana tsaye ba ruwa. Nakan ba kififiyar abinci a baho in fita da sauri. Sai wata rana yayanta ya zo duba ni, ya tsaya ya kalli kayan, ya naɗe hannun riga ya ce, "Tashi mu ƙarasa."

Muka zuba yashi, muka cika ruwa, na haɗa tiyo na kunna injin. Yana tashi ya hargitsa komai. Yashi ya turnuƙe, ruwan ya riƙa wujijjiga kififiyar yana buga ta da gilas, tana ta fafutuka. Yayanta ya yi wuf ya zare wayar.

"Ya yi mata ƙarfi," ya ce. "Ruwan kwance take so."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma fita ba. Da na lafa, ya goya ni a babur ɗinsa muka je wajen mai tarwaɗa muka karɓo ƙaramin. Tafiyar ba ta kai minti goma ba.

Shi ne yake aiki har yau. Babban yana cikin kwalinsa a saman kwaba. Sau biyu ana tayawa, na kasa sayarwa. Kififiyar ta kusa kai faɗin tire yanzu, yayanta ya ce nan da damina biyu akwatin zai yi mata kaɗan, dole a kai ta kogi. Na ce masa to. Duk ranar Asabar nake canja mata ruwa, ba na zuwa ko'ina.